TARIHIN KOSET: RIGAR MATSE ƘUGU DA YADDA AKE HAƊA TA



Ya 'yan'uwana masu ziyartar wannan shafi, maza da mata, duk wanda ke halartar bukukuwan aure a biranenmu cikin 'yan shekarun nan, ko yake duba hotunan amare a intanet, ya san cewa kalmar "koset" ta zauna daram a bakin teloli da masu kai musu ɗinki. Akan ɗinka rigar leshi ko ta atamfa, a jera mata siraran ƙarafa ko robobi daga ciki, a yi mata igiya ta baya, sannan a ja har sai ƙugu ya tsuke. Haka kuma 'yan kasuwa na ta tallar ɗamarar roba da suke cewa tana rage tumbi. Da yawa daga cikin matasanmu na zaton sabon yayi ne, alhali kuwa wannan tufa ta shafe sama da shekara 400 a ƙasashen Turai, an yi arziki da ita, an yi muhawara a kanta, likitoci sun yi rubuce-rubuce, har ma an kusa ƙarar da wata dabbar teku saboda ita. Wanda zai sanya abu a jikinsa, ko zai biya kuɗin ɗinka wa 'yarsa ko ƙanwarsa, ya dace ya san inda abin ya fito, da yadda yake aiki, da abin da ya yi wa waɗanda suka riga shi amfani da shi. Wannan shi ne maƙasudin wannan rubutu.

ASALIN KALMAR DA FARKON AL'AMARIN

Kalmar koset ta fito ne daga tsohon Faransanci, daga kalmar da ke nufin "jiki", wadda ita ma tushenta Latin ne. Turawan Ingila ba su riƙa kiran wannan tufa da wannan suna sosai ba sai a ƙarni na 19. Kafin nan suna da wasu sunaye da suke kiran ta da su. A ƙarni na 16 ne matan fadojin Sifaniya da Italiya da Faransa suka fara son rigar sama mai tauri, wadda ke miƙar da gangar jiki ta shafe duk wani lanƙwasa. Da farko teloli kan taurara yadin ne da manne, ko su ninka lilin mai kauri, daga baya suka fara cusa siraran karare na ciyawar fadama a tsakanin ninkin yadin.

Tsofaffin samfura biyu ne masana suka fi dogara da su. Na farko shi ne wanda aka binne wata gimbiyar Jamus mai suna Dorothea Sabina ta Neuburg da shi a shekarar 1598, wanda ke ajiye a gidan adana kayan tarihi na Bavaria da ke birnin Munich. Na biyu kuwa shi ne wanda aka ɗinka wa mutum-mutumin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila domin jana'izarta a 1603, wanda ke majami'ar Westminster a Landan. Duk wanda ya dubi waɗannan biyu zai ga cewa siffar da ake nema a wancan zamani ita ce ta mazurari: faɗi a sama, tsukewa a ƙasa, gaba a shafe. A tsakiyar gaban rigar akwai dogon aljihu da ake zura wani falle mai tauri da ake kira "bask", na katako ko ƙaho ko hauren giwa, domin ya hana mai ita sunkuyawa. Samari kan sassaƙa wannan falle su yi masa zane su ba 'yan matan da suke nema a matsayin kyauta.

A nan ne kuma ya kamata mu kawar da wani labari da ya yaɗu, wai Sarauniya Catherine de Medici ta Faransa, wadda ta rasu a 1589, ta wajabta wa matan fadarta ƙugu mai inci 13 da koset na ƙarfe zalla. Labari ne marar isnadi. Gaskiya ne akwai wasu rigunan ƙarfe a gidajen tarihi, amma masaniyar tarihin tufafi Valerie Steele, a littafin da ta wallafa kan tarihin koset a 2001, ta bayyana cewa na gaskiyar cikinsu kayan jinya ne, sauran kuma na jabu ne da aka ƙera daga baya. Likitan tiyata na Faransa Ambroise Paré, wanda ya rasu a 1590, ya yi bayanin irin wannan rigar ƙarfe mai huji-huji da ake sanya wa masu karkataccen ƙashin baya.

BALIN: ABIN DA AKA FI ƘARFAFA TA DA SHI

Abin da ya mamaye sana'ar har kusan shekara 300 shi ne wani abu da ake samu a bakin babbar dabbar tekun nan da ake kira wel. Ko da yake Turawa kan kira shi "ƙashin wel", a haƙiƙa daga sinadarin da ke yin farce da gashi da ƙaho yake, sunansa kuma balin. Wasu nau'o'in wel ba su da haƙora. A maimakonsu suna da ɗaruruwan falle-falle da ke rataye daga muƙamuƙin sama kamar matsefi, da su suke tace ƙananan halittu daga ruwa. A bakin nau'in da ke zaune a tekun ƙanƙara na arewacin duniya, tsawon falle ɗaya kan kai mita 4.

Dalilin da ya sa teloli suka ƙwallafa rai a kansa shi ne, ana iya tsaga shi siriri yadda ake so, yana da sauƙin nauyi, yana lanƙwasa ba tare da ya karye ba, kuma idan ya ji ɗumin jiki yakan ɗauki siffar mai sanye da shi ya riƙe ta. Mutanen Basque na iyakar Sifaniya da Faransa ne suka daɗe suna farautar wel. A 1611 Turawan Ingila suka fara farautar ta a tsibiran Spitsbergen, 'yan Holan suka biyo baya, har suka fi kowa ƙarfi a harkar. Da dabbar ta yi ƙaranci a can sai aka koma gaɓar Greenland, sannan a 1848 jiragen Amurka suka ratsa mashigin Bering. Bayan an fara haƙo man fetur a Amurka a 1859, kananzir ya karya darajar man wel da ake kunna fitila da shi, amma farautar ta ci gaba, domin kasuwar balin na nan. A wasu shekaru na ƙarshen ƙarni na 19 farashinsa ya haura dala 5 kowace laba, har ta kai mafarauta kan yanke balin su jefar da sauran gawar a teku. Wannan nau'i ya kusa ƙarewa a wasu tekuna, kuma garken da ke yankin Spitsbergen har yau bai koma yadda yake a da ba.

ƘARNI NA 18: SANA'AR MAZA

Mai karatu zai yi mamakin jin cewa maza ne ke ɗinka wannan tufa ta mata a wancan lokaci. A 1675 Sarki Louis na 14 ya ba mata maɗinka na birnin Faris izinin kafa ƙungiyar sana'arsu, amma aka bar ɗinkin riga mai balin a hannun teloli maza, bisa hujjar cewa tsaga balin da tura shi cikin yadi mai kauri aiki ne na ƙarfi. Rigar mai kuɗi kan kasance cike da layukan ɗinki a jere, kowane layi da hannu aka yi shi, kowane rami da sililin balin a ciki. Talakawan mata kuwa kan sayi gwanjo, ko su sanya ta fata, ko mai laushi marar balin da ake iya aiki da ita.

A wancan zamani tufar ta zama alamar kamun kai. Macen da ta fita ba tare da ita ba akan ɗauke ta sakakkiya. Yara ma ba su tsira ba, domin an yi imani cewa jikin yaro kamar ɗanyen yumɓu yake, idan ba a tallafe shi ba zai tashi a karkace. Saboda haka akan sanya wa yara mata da maza ƙanana, sai namiji ya kai kimanin shekara 6 a cire masa, mace kuwa ta ci gaba har tsufa. Tun a lokacin aka fara suka. Masanin falsafa Jean-Jacques Rousseau ya soki al'adar a littafinsa kan tarbiyya na 1762, kana masanin ƙirar jiki ɗan Jamus Samuel Thomas von Sömmerring ya wallafa bincike a kanta a 1788, ya sake fitar da shi a 1793 da wani zane da ya shahara, mai kwatanta haƙarƙarin macen da ba ta matse jiki ba da na wadda ta matse.

Bayan juyin juya halin Faransa na 1789 yayi ya sauya. Aka koma ga riguna marasa nauyi da ake ɗaure su daga ƙarƙashin ƙirji, a kwaikwayon tufafin tsoffin Girkawa, koset kuma ta gajarce ta yi laushi. Sai dai wannan sassauci bai wuce shekara 30 ba.

ƘARNI NA 19: ZAMANIN INJI

Daga wajajen 1820 layin ƙugun riga ya sake saukowa mazauninsa, siffar da ake nema kuma ta zama irin ta kalangu: faɗi sama, faɗi ƙasa, tsakiya a tsuke. Wasu ƙere-ƙere ne suka sa hakan ya yiwu. Na farko shi ne zoben ƙarfe da ake dasawa a hujin igiya, wanda ya bayyana cikin shekarun 1820. Kafin shi, da zare ake dajiye bakin hujin, idan aka ja da ƙarfi sai yadin ya yage, wato yadin da kansa ke yanke iyakar matsewa. Da zoben ƙarfe ya zo, wannan iyaka ta kau. Na biyu shi ne bask mai rabuwa biyu, wanda Bafaranshe Jean-Julien Josselin ya ƙirƙiro a 1829, sannan Joseph Cooper na Ingila ya yi rajistar nau'in mai ƙugiya da maɓalli a 1848. Da wannan mace ta samu ikon sanyawa da cirewa da kanta ta gaba, ba sai an warware igiyar baya gaba ɗaya ba. Na uku shi ne keken ɗinki, wanda Elias Howe ya yi rajistarsa a 1846, Isaac Singer kuma ya kyautata shi a 1851. Na huɗu shi ne dabarar Edwin Izod ta 1868, inda ake shafe koset da sitaci, a ɗora ta a kan gangar jiki ta ƙarfe da ake zafafawa da tururi, har ta bushe ta ɗauki siffar.

Sakamakon haka abin da a da sai mai hali ya zama kayan masana'anta mai araha. Kamfanin Symington a garin Market Harborough na Ingila ya yi fice, haka ma kamfanin wasu likitoci biyu 'yan gida ɗaya, Lucien da Ira Warner, wanda ya faro a 1874 ya kafu a Bridgeport ta Amurka. Tsadar balin ta sa aka shiga neman madadi. 'Yan gidan Warner sun yi amfani da zaren wani tsiro na ƙasar Meziko, Edward Warren na jihar Michigan ya sarrafa ƙashin gashin talotalo a 1883, sannan kamfanin Spirella da aka kafa a 1904 ya yaɗa ƙarfe murɗaɗɗe mai lanƙwasa ta kowane gefe. Maza ma sun sanya, musamman 'yan gayun shekarun 1820 da wasu hafsoshin sojan doki da ke neman tallafin baya.

Dubban mata ne suka yi aiki a waɗannan masana'antu, sa'o'i masu tsawo a kan lada kaɗan. A 1912 ma'aikatan kamfanin koset na garin Kalamazoo a Amurka, mafi yawansu mata, suka shiga yajin aiki saboda ƙarancin albashi, da ƙazantar wurin aiki, da cin zarafin da wasu shugabannin sashe ke yi musu, har aka tsare wasu jagororinsu a kurkuku.

YADDA AKE HAƊA TA

To, yaya ake ɗinka koset irin ta ƙarshen ƙarni na 19, wadda ita ce uwar mafi yawan na yau? Abu na farko da ya kamata a fahimta, wanda teloli da yawa ke kuskure a kai, shi ne cewa yankan yadi ne ke ba ta siffa. Ƙarafan aikinsu shi ne su riƙe yadin a miƙe daga sama zuwa ƙasa, kada ya tattare a ƙugu idan an ja igiya. Idan yankan bai dace da jiki ba, ko an cika ta da ƙarfe ba za ta zauna daidai ba, sai dai ta soki mai ita.

Maɗinki kan fara da awo: kewayen ƙirji, da na ƙasan ƙirji, da na ƙugu, da na kwankwaso, da nisan da ke tsakaninsu. Daga nan ya zana falle-falle, galibi 5 ko 6 a kowane ɓari, wato 10 zuwa 12 ke nan gaba ɗaya. Kowane falle yana tsukewa a daidai ƙugu ya buɗe a sama da ƙasa, ta yadda idan an haɗa su sai siffar ta fito. A wasu nau'o'in akan tsaga yadin a cusa ƙyalle mai kusurwa uku domin a ba ƙirji da kwankwaso wuri. Ƙwararre ba ya yanka yadin gaske sai ya fara ɗinka ta gwaji da yadi mai araha an gwada a jiki.

Yadin da aka fi amincewa da shi shi ne kutil, wata saƙa ta auduga mai matuƙar ƙarfi wadda ba ta miƙewa. Idan ana son ado sai a ɗora siliki ko satin a samansa, amma kutil ɗin ne ke ɗaukar nauyin ja. A daidai layin ƙugu akan shimfiɗa wani tef marar miƙewa daga ciki, domin nan ne ja ya fi tsanani, kuma nan ne ɗinki ke fara ɓallewa. Sannan a yi ramukan ƙarafa, ko dai ta ɗinka layi biyu a tsakanin ninkin yadin, ko ta ɗora wani siririn ƙyalle a kan mahaɗar falle. Ƙarfe murɗaɗɗe akan sa shi a gefuna inda jiki ke lanƙwasa, ƙarfe shafaffe kuwa a gaba da baya. Dole a gyara bakin kowane ƙarfe a rufe shi, kada ya huda yadi ya ji wa mai ita rauni. Maɗinkan da kan yi wani ɗinkin hannu mai kama da fure a ƙarshen kowane rami; masu kallo na ɗauka ado ne kawai, alhali shi ke danne ƙarfen a wurinsa.

A gaba ake dasa bask: ɓari ɗaya na ɗauke da ƙugiyoyi da ke leƙowa ta mahaɗar ɗinki, ɗayan na ɗauke da maɓallai da ake fitarwa ta ƙananan huji, waɗanda ake buɗawa da basilla ba tare da an yanke zaren yadin ba. A baya kuma ake jera zobban igiya, kowane jeri a tsakanin ƙarafa biyu shafaffu, domin ja ya rarrabu daidai. Akan zura igiya daga sama da ƙasa a bar madauki biyu a daidai ƙugu, da su ake ja. A ƙarshe a dajiye bakin sama da na ƙasa. Ba a sanya ta a kan fata kai tsaye. Sai an fara sa shimi, wadda ke tsotse gumi kuma ita ake wankewa. Kuma bisa ƙa'ida ɓarin biyu ba sa haɗuwa a baya, akan bar tazarar inci 2 ko fiye.

MUHAWARAR LAFIYA: ME HUJJOJI SUKA NUNA?

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 muhawara ta yi zafi. Daga 1867 wata mujallar mata ta Ingila ta riƙa buga wasiƙun da ke ba da labarin makarantun kwana inda wai ake matse 'yan mata zuwa inci 13 ko 15. Masana tarihi da dama na ganin cewa akasarin waɗannan wasiƙu ƙage ne na masu wata karkatacciyar sha'awa, domin ba a taɓa gano makarantun ba. A ɗaya ɓangaren, a 1881 aka kafa ƙungiyar neman gyaran tufafin mata a Landan ƙarƙashin jagorancin Lady Harberton, likitoci kuma suka riƙa ɗora wa koset alhakin cututtuka barkatai, har da tarin fuka da sankara da taɓin hankali.

Idan aka tace zancen, ga abin da ya rage. Batun ƙugu mai inci 13 a matsayin abin da ya game gari ba shi da tushe. Valerie Steele ta kawo awon koset 197 na tarin kamfanin Symington: guda ɗaya ce kawai mai inci 18, guda 11 masu inci 19, mafi yawa kuwa tsakanin inci 20 da 26 suke, kuma kada a manta da tazarar da ake bari a baya. Ƙanƙantar ƙugun da ake gani a hotuna ta samu taimakon faffaɗan siket, da cikon da ake sawa a kwankwaso, da manyan hannuwan riga, da kuma gyaran hoto, domin masu ɗaukar hoto na wancan zamani sun iya shafe gefen ƙugu da fenti. An samu masu wuce iyaka, kamar Sarauniya Elisabeth ta Ostiriya da ƙugunta ya kasance kimanin santimita 50, amma ba su ne gama-gari ba. Labarin cewa mata na zuwa a cire musu haƙarƙari shi ma ba a samu shaidarsa a wancan ƙarni ba, lokacin da tiyatar ciki da ƙirji kan zama ajali. Tarin fuka kuwa, Robert Koch ya gano ƙwayar cutar da ke haddasa shi a 1882.

Amma wanke koset daga ƙarya ba ya nufin ba ta da laifi. Matsewa na hana ƙasan huhu buɗewa, sai numfashi ya koma sama-sama, mai ita ta riƙa saurin haki idan ta yi hanzari ko ta hau bene. Tana danne ciki da hanji, ta kawo ƙwannafi da rashin narkewar abinci da taurin bayan gida. Wadda ta daɗe tana dogara da ita, tsokokin bayanta da na cikinta kan yi rauni, har ta ji ba ta iya zama a miƙe sai da ita. A 1908 likita Ludovic O'Followell na Faransa ya wallafa hotunan ƙashi da suka nuna yadda ƙananan haƙarƙari ke turuwa ciki. A zamaninmu kuma masaniyar ƙasusuwan ɗan Adam Rebecca Gibson ta binciki ƙwarangwal na mata na ƙarni na 18 da na 19 a gidajen tarihi na Faris da Landan, ta ga haƙarƙarinsu ya sauya siffa, ƙayoyin ƙashin bayansu sun karkace. Ta kuma lura cewa da yawansu sun yi tsawon rai daidai da na zamaninsu ko fiye. Wato dai illa ce ta gaske, mai dawwama ga wadda aka fara sanya wa tun ƙashinta bai ƙosa ba, ko da yake ba ta kai yadda masu kururuwa suka faɗa ba.

Akwai darasi a labarin Inès Gaches-Sarraute, wata Bafaranshiya mai ilimin likitanci da ta ƙirƙiro koset mai miƙaƙƙen gaba a wajajen 1900, da nufin ɗauke matsi daga ciki. Masu yayi suka karɓe ta suka ƙara ja, sai ta tura ƙirji gaba, kwankwaso baya, ta jefa nauyi a kan tsatso. Abin da aka yi domin magani ya koma sabuwar cuta.

JA DA BAYA DA SAKE DAWOWA

Ba mutum ɗaya ne ya kawar da koset ba, ko da yake maɗinkin Faris Paul Poiret ya yi iƙirarin haka bayan rigunansa na wajajen 1908. Abubuwa ne suka taru: hawan keke da wasannin motsa jiki tun shekarun 1890, da fitar mata aiki a masana'antu lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya daga 1914 zuwa 1918, da bayyanar rigar mama. Herminie Cadolle ta nuna koset mai rabuwa gida biyu a baje kolin Faris na 1889, Mary Phelps Jacob kuma ta yi rajistar nata samfurin rigar mama a Amurka a 1914, ta sayar wa kamfanin Warner a kan dala 1,500. A shekarun 1930 zaren roba ya ba da damar yin ɗamara mai miƙewa. A 1947 Christian Dior ya dawo da tsukakken ƙugu na ɗan lokaci. Daga baya Vivienne Westwood a 1987, da Jean Paul Gaultier a 1990, suka fito da koset daga ƙarƙashin tufafi suka mayar da ita rigar waje, kuma daga wannan reshe ne ɗinkin amaren yau ya tsiro. Valerie Steele na da wata magana mai nauyi a kan wannan, ma'anarta ita ce matsin bai gushe ba, ya dai koma cikin jiki ne ta hanyar ƙuntata abinci da motsa jiki da tiyatar gyaran sura.

Reshen jinya shi ma ya ci gaba. Rigar tallafin ƙashin baya ta Milwaukee da aka ƙirƙiro a shekarun 1940, da ta Boston a shekarun 1970, jikokin waccan rigar ƙarfe ta Ambroise Paré ne, kuma likitoci na amfani da irinsu bisa awo da kulawa.

KAMMALAWA

Ya ɗan'uwa mai karatu, idan ka bi wannan tarihi za ka ga siffar da ake kira kyakkyawa ta sauya sau da dama: mazurari a ƙarni na 16 zuwa na 18, kalangu a na 19, lanƙwasasshen baya a farkon na 20, sannan miƙaƙƙen jiki a shekarun 1920. A kowane zamani an gaya wa mata cewa wannan ita ce surar da ta dace, kuma akwai mai sayar da abin da zai kai su gare ta. Ɗamarar roba da ake tallatawa yau ba ta narkar da kitse. Tana matsar da nama ne na ɗan lokaci, idan an cire jiki ya koma yadda yake.

Ga 'yar'uwar da ke shirin kai ɗinki, ma'aunin a bayyane yake. Tufar da ta hana ki cika huhunki da iska, ko cin abinci, ko yin ruku'u da sujada cikin natsuwa, ta wuce iyaka ko da kowa ya yaba. Kada a sanya wa yarinyar da ba ta gama girma ba, kuma mai juna biyu ta nisance ta, wadda aka yi wa tiyata kuwa ta nemi shawarar likita tukuna. Jiki amana ne a hannunmu, kuma malaman fiƙihu sun kafa ƙa'idar cewa abin da cutarwarsa ta tabbata ana kawar da shi. Batun fita da tufar da ke bayyana surar jiki a gaban waɗanda ba muharramai ba kuwa, hukuncinsa sananne ne ga duk ɗalibar Islamiyya. Ga 'yan'uwa maza kuma, yawancin matan da suka matse kansu a Turai sun yi ne domin gudun gorin jama'a da neman yardar masu kallo, don haka mai yaba sura da mai kushe ta suna da kaso a cikin alhakin.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa mu gode wa ni'imar halittar da Ya yi mana.